Kakata a Tagar Gidan Zane

Saura ƙiris ban rubuta wannan ba. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ko gaisuwa ce, in mutane sun kai uku sai muryata ta maƙale. Amma ƙawata Taibatu ta ce in ban faɗa ba ita za ta faɗa a gidan suna, kuma na san bakinta.

Ranar Talata na je karɓo kakata daga Gidan Zane-zanen Zamani. Kada ku tsorata, Inna Lailatu ta rasu shekara biyar ke nan, Allah Ya jiƙanta. Zanenta nake nufi. Ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba, shi ya sa na zana ta a kan kwali da gawayi da ruwan lalle, ta baya, tana sheƙar shinkafa. Duk wanda ya ga ɗaurin ɗankwalin nan da ya karkace hagu ya san ita ce. Ban da wannan kwali, ba mu da komai na kamanninta.

Ga wanda bai san gidan ba, tarihinsa gajere ne. Mai Girma Sarkin Yankan Ƙyalle ne ya gina mana shi, Allah Ya ƙara wa almakashinsa kaifi. Ya ce a nan za a rataye aikin masu zane na yau, yara su zo su koya, baƙi su taso daga Gusau da Sakkwato su ga basirar Mafara. Sau uku ana buɗe gidan. A buɗewar farko babu rufi. A ta biyu akwai rufi, babu ƙofa. A ta uku komai ya kammala, sai aka tuna babu abin ratayawa. Nan aka shiga bin gida-gida, har Bakura da Maradun, ana aron zane "na kwana biyu kawai". Ni ma na ba da Inna. Aka yi jawabi, aka ci shinkafa, aka tafa, aka sa kwaɗo. Shekara uku ke nan. Ashe kwana biyun manya ba irin namu ba ne.

Babur ban samu ba, duk suna layin mai, sai na taka da ƙafa. Na tarar da Baba Hayatu mai gadi a bakin ƙofa. Muka gaisa: gida, gajiya, zafi, iyali, har na kusa mance abin da ya kawo ni.

"Mi aka so, ɗiyata?"

"Zanena na zo karɓa, Baba."

Ya buɗe. An ce gani ya kori ji, amma ni hanci ne ya riga ido. Albasa ce shimfiɗe daga bango zuwa bango, ga maƙwabcinmu Malam Labaran durƙushe yana tsince ruɓaɓɓu. A jikin bango kuwa hotunan Mai Girma ne goma sha biyu, murmushi ɗaya, huluna daban-daban.

"Ke ɗiyar Malam," in ji Malam Labaran, "gidan ga bai taɓa amfani ba irin bana. Iska ta ko'ina. Wanda ya tsara ginin ga ya san albasa."

Na tambayi ina zane-zanen mutane. Baba Hayatu ya ce gara ta riga kowa zuwa kallo. Sai ya nuna mini taga ta ƙarshe, wadda gilashinta ya fashe. Ga Inna can an toshe tagar da ita, gefenta ɗaya ya sha ruwa, amma ɗankwalin na nan a karkace.

"Tun daminar bara tsohuwar ga ka tare muna ruwa," in ji shi.

Ko tana raye aikinta ke nan, tare wa mutane ruwa. Na ce a ba ni abina.

"Sai da takarda daga sama. Wanda ya amsa an canza shi, wanda ya gaje shi ya tahi taro, taron kuwa kan raya gidan ga ne." Baba Hayatu ya sosa gemu. "Amma takarda ta abin da aka rataye ce. Wanga toshi ne. In an samu wani toshin daidai tagar, ni mi nawa?"

Idona ya kai kan hotunan nan goma sha biyu. Kamar da gwajin tagar aka yi su. Kunya ta hana ni buɗe baki, na dawo gida hannu rabbana.

Ni dai godiya nake yi. Wane gari ne albasarsa ke kwana a gidan da aka buɗe sau uku, Mai Girma na yi mata murmushi ta kowace kusurwa? Mu da muka yi zanen ko kallon bangon ba mu samu ba.

Washegari da safe na koma. Na nuna hoton Mai Girma mai jar hula da yatsa. Malam Labaran ya kama tari, Baba Hayatu ya ce ai ba fita da shi za a yi ba, ya hau kujera ya sauko da hoton. Na rungumo Inna na rataye ta a zaurenmu, kafin azahar mata tara sun zo kallo, biyu sun yi kuka.

Mai Girma kuwa yana can a taga, fuska waje. In damina ta faɗi, a karo na farko zai tare wa talaka ruwa.