Rasuwar Talatu, Motar Malam Othniel

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, irin wanda ya yi nauyin da ba a iya kuka da shi, iyalan Malam Othniel Mshelia na unguwar Mairi, Maiduguri, suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar motarsu, Talatu. Rai ya yi halinsa ranar Asabar ɗin da ta wuce, da hantsi, a bakin titin Damaturu, bayan jinyar da ta yi fama da ita tun bara.

Marigayiyar ƙaramar mota ce kirar Bitil, ruwan madara, mai ƙusumbi kamar kunkuru. Injinta a baya yake, wurin kayanta a gaba. Ta shigo gidan Malam Othniel yana sabon malamin makaranta, daga hannun wani akawu a GRA da aka yi wa canjin wurin aiki. Ranar Talata aka kawo ta, shi ya sa amaryarsa a lokacin, Edith, ta raɗa mata suna tun kafin a kashe injin.

Duk wanda ya zauna da Talatu zai ba da shaidar haƙurinta. Ba ta da lagireto, iska kawai take sha ta huce, don haka ba ta taɓa neman ruwa ba a garin da kowa ke nemansa. Da safe takan yi tari, kuf, kuf, sannan ta kama taf-taf-taf ɗinta, wanda maƙwabta ke ji su san lokacin shirin makaranta ya yi. Ita ta ɗauko 'yarsu Ketura daga asibitin haihuwa. A shekarun da gari ya rikice, da dangi suka tsero daga ƙauye ba ko takalmi, ita ta riƙa kwaso su daga tasha, mutum kan mutum, gindinta na jan ƙasa. Ta yi layi a shingayen bincike cikin rana ba ta yi fushi ba. Da ambaliya ta ci gari, ruwa ya kai mata gilashi, kowa ya ce ta tafi. Tsohon bakanikenta, Malam Ya'akubu, Bakanon nan na unguwar Bulabulin, ya kwance ta ya wanke ya shanya, ta sake tashi.

Lafiyarta a wuri biyu take: kafireta, inda mai ke haɗuwa da iska, da kuma taimin, wato daidai lokacin da wuta ke sauka a fulogi. In mai ya yi yawa, sai hayaƙi da kasala. In ya yi kaɗan, jikinta ya ɗau zafi. In wuta ta makara, ba ta da ƙarfi. In ta yi gaggawa, sai a ji wani ɗan ƙara a cikinta, kas-kas-kas, kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, kuma wannan ƙaran shi ke kashe inji. Ya'akubu ya koya wa Malam Othniel gyaran tun da daɗewa: a bar inji ya ɗumama, a sassauta notin distiributa, mai raba wa fulogai wuta, a murza ta kaɗan, a saurara. Daga nan a koma kan sukurori biyu na kafireta, a sake saurara.

Sauraron ne ya gagari Malam Othniel. Tun ranar da wani abu ya fashe kusa da shi a kasuwa, kunnensa ɗaya ya mutu, ɗayan kuma ya zama sai an ɗaga murya. Daga nan Edith ta zama kunnensa. Ita ke ba da waƙa a zumuntar mata ta majami'arsu, kuma ba a taɓa ɓoye mata muryar da ta kauce ba, ko ta mutum ko ta inji. Duk Asabar ɗin farkon wata sai ta zauna a kujerar direba, ƙofa a buɗe, ƙafa ɗaya a kan totur, tana gyaran zogale a faranti. Shi yana tsugunne a baya da sukundireba. In ya murza, sai ta miƙo hannu waje ta yi masa alama: ƙara, rage, dakata. In muryar Talatu ta zauna daidai, sai ta ɗan bubbuga ƙofa.

"Ya yi, Baban Ketura. Bar ta haka, kada ka ɓata."

Daga nan su zaga unguwa, ya hau giya ta uku ya taka, ita ta karkata kai tana neman ƙaran tsakuwar nan. In babu, su saya wa gida rake su dawo.

Edith ta riga mu gidan gaskiya bara, gab da bikin Ista, bayan gajeriyar rashin lafiya. Waɗanda suka je jana'izar sun ga Malam Othniel ya tsaya ƙyam, yana amsa gaisuwa ɗaya bayan ɗaya. Washegari ya wanke mota.

Jinyar Talatu ta fara a hankali. Sai ta riƙa mutuwa a mahaɗar titi, tana atishawa ta salansa. Ketura, wadda yanzu ma'aikaciyar jinya ce, ta zauna a kujerar mahaifiyarta wata Asabar, ta taka totur yadda aka ce mata. Mahaifin ya murza, ya leƙo, ya tambaye ta yaya ta ji.

"Baba, ni duk iri ɗaya nake ji," in ji ta.

Ya ce ba komai. Ya ɗaure notin, ya mayar da kayan aiki cikin buhunsu. Bai sake kiranta ba. Ya koma gyaran shi kaɗai, yana ɗora tafin hannu a jikin inji ko zai ji da fata abin da kunne ya hana shi.

Kafin ta cika, Edith ta bar wasiyya ɗaya: a kai akwatin zannuwanta wa ƙanwarta Florence a Biu, kuma Malam Othniel da kansa zai kai. Ya yi ta ɗagawa har shekara ta zagayo. Da ya sa rana, Ya'akubu yana Kano wurin aikin ido. Ya'akubun ya aiko cewa a jira shi ya dawo ya saurari motar, don zafin bana ba na wasa ba ne, hanyar kuma doguwa ce. Malam Othniel ya ce ya jira da yawa. Ranar Juma'a ya murza distiributa har ya ji inji na rawa da ƙarfi a tafinsa, ya ɗauka lafiya ce. Ya sa akwatin a gaba.

Washegari da safe ya fita. Talatu ta yi gudun da ta daɗe ba ta yi ba. Wani mai Keke Napep da ya bi bayanta ya ce tun daga cikin gari yake jin ƙaran tsakuwar, har ya yi ta yi masa hon. Malam Othniel ya ɗaga masa hannu, a zatonsa gaisuwa ce. Bayan an wuce ƙofar gari kaɗan, ƙarfinta ya yanke. Ta yi wani dum, sau ɗaya, hayaƙi mai shuɗi ya turnuƙe gilashin baya. Ya gangara da ita gefen titi. Ya ci gaba da zama, hannu biyu a kan sitiyari, har rana ta take. A haka Ketura ta same shi da ta zo da motar ja.

Ya'akubu ya dawo, ido ɗaya a liƙe da auduga. Ya buɗe injin, ya ciro fistin ɗaya da wuta ta huda masa rami a ka. Ya juya shi a hannu, ya dubi abokinsa, ya sa fistin ɗin a aljihu.

"Tsufa ne, Malam," ya ce da ƙarfi, saitin kunnen mai ji. "Kwananta ne ya ƙare."

Malam Othniel ya gyaɗa kai. Bai nemi ganin fistin ɗin ba.

Marigayiyar ta rasu ta bar mai gidanta, Malam Othniel. Da Ketura, wadda a cinyar sitiyarinta ta koyi tuƙi. Da Malam Ya'akubu, wanda ya ce daga kanta ya ajiye sifana. Ta bar tayar safaya da ba ta da iska, da tabon baƙin mai a ƙarƙashin dalbejiyar gidan, da maƙwabciyarsu Ya Bintu, wadda ta leƙo ta katanga ta ce wushe, wato sannu a harshen Barebari, ta ƙara da cewa jikokinta sun makara makaranta duk satin nan.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa, bayan la'asar, a gidan mamaciyar da ke Mairi. Malam Ya'akubu zai cire abin da zai amfani 'yan uwanta da suka rage a gari, sauran gangar jikin kuma 'yan gwangwan za su ɗauka. Ana roƙon matasa masu ƙarfi su zo da wuri, domin sai an tura ta kafin ta fita ƙofa. Kujerar direba ba ta cikin abin da za a ɗauka. Akwatin kuma Ketura ta saya masa kujera a motar haya, kusa da ta mahaifinta, za su tashi Litinin.

Ba za a kafa rumfa ba, ba kuma za a yi zaman makoki ba. Malam Othniel ya ce na bara ma bai tashi daga shi ba tukuna.