Zubkar Akawal Ta Karkace

"...ya gajiya, ya mutan gida? Au, ashe ke ce. Na janye gaisuwata, na ɗauka mutum ne."

"Riƙe abarka, Tsoho. Ko ka ba ni, ba ni da wurin ajiye tsohon kaya."

A bakin rumfar baduku Tsoho da jikarsa suka haɗu, inda warin jima ke tarbar mutum tun daga kwana. Tsoho ya zo a ƙasa yana ɗingishi, yana jan Akawal, baƙin dokinsa, ya sassauta masa majayin da ke riƙe sirdi. Zubka ya zo saye, wato shimfiɗar da ake sa wa doki a ƙarƙashin sirdi don kada ya ci masa baya. Amma ba zubkar ce ta hana shi sukuni ba. Babban ɗansa ya yanke magana: in bayan dokin nan ya sake yin miki, to alama ce hawa ya ƙare, za a sayar da shi, Tsoho ya zauna ya huta. Shi kuwa tun da gwiwarsa ta hagu ta yi masa tawaye, Akawal ne ƙafarsa zuwa gona da gidajen 'yan'uwa. Ya san hutun da ake nufi: tabarma a ƙofar gida da kallon masu wucewa. Ga shi an turo jikarsa, tela, ta gano wa ubanta yadda bayan yake.

"Wa ya aiko ki?"

"Ba a aiken mace wurin mijinta. Na ji ka fito sayayya, na ce bari in zo kafin ka kashe wa kishiyata Akawal abin cefanena."

"Kishiyar taki ta fi ki biyayya. Ban taɓa ce masa tsaya ya ce me ya sa ba."

"Shi ma don linzami ne a bakinsa."

"Baduku, kana da ƙarami? Daidai bakin wannan."

Baduku bai ɗaga kai daga ɗinkinsa ba. Ya ce, "Sun ƙare."

Tsoho ya nuna wata zubka ja mai kauri da ke rataye, an yi mata ado da zare har gefe. "Sauko min da waccan. A ɗora ta a kan tsohuwar, su zama biyu. Sai ya ji kamar a katifa yake."

"Shi ne zai kwanta a kai, ko kai?" in ji jikar. "Takalmi ya matse ka, sai ka ƙara safa biyu? Kuma wannan kyan ɗan maciji ce, cikinta roba. Zufa za ta dafa masa baya kafin ku kai gona."

"Ji mai ɗinkin ɗankwali tana koya min doki. Ranar da na fara hawa, ubanki ma ba a yi shawarar haihuwarsa ba. Abin da babba ya hango..."

"Ai ba rimi zan hau ba, sirdi kawai zan ɗaga. Gani ya kori ji."

"Kada ki taɓa! Yana harbin mata marasa kunya."

"Da ya gama da danginku tuni."

Ta kwance majayin, baduku ya taso ya sauke sirdin. Tsoho ya kau da kai yana duban wasu likkafu kamar yau ya fara ganin ƙarfe. Ya ji haushin kansa, wai yarinyar da ya yi wa wasa a cinya ce yau yake tsoron abin da za ta gani.

Miki bai fashe ba tukuna. Amma a dama da ƙashin baya akwai wani wuri kamar tafin hannu da gashi ya yi fari, da ta ɗora yatsa sai fatar dokin ta yi karkarwa.

"Tsoho, mene ne wannan?"

"Furfura. Zama da manya ne ya sa."

"Furfura a gefe ɗaya?"

"Ɗaya gefen yaro ne."

Ba ta yi dariya ba. Ta juya tsohuwar zubkar a kan benci, ta bi ta da tafin hannu yadda take bin yadi kafin ta sa almakashi. Hagu na nan da kaurinsa. Dama kuwa ya lallatse ya zama kamar fatar ganga. Ta dubi zubkar, ta dubi gwiwar kakanta, ta sake duban zubkar. Ba sai an yi mata bayani ba: mai tsoron taka likkafar hagu, dama yake zuba nauyinsa duka. Ba sirdin ne ya karkace ba, mahayin ne.

Tsoho ya ga ta gane.

"To," ya ce a hankali, "je ki faɗa wa ubanki."

"In faɗa masa me? Ka ga na yi kama da 'yar aike?" Ta juya ga baduku. "Malam, ba mu waccan ta ulun, marar adon, mai shan zufa. Ka farke dama ka ƙara mata cushe, ka rage wa tsakiya don kada ta zauna masa a ƙashi. Likkafar hagu kuma a sassauta ta, kishiyata ba ta son a naɗe mata ƙafar miji."

"Wannan ai bargon mai gadi ne," in ji Tsoho. "A gan ni a kan wannan?"

"A ƙarƙashinka take, wa zai leƙa? Kuma ba za ka hau ba sai wurin nan ya daina zafi. Kullum zan zo in taɓa."

"Kullum? Gara a sayar da ni."

"An kai ka kasuwa, ba wanda ya taya."

Baduku ya soma farke ɗinki. Tsoho ya yi ta shafa wuyan Akawal, can ya yi tambayar ba tare da ya dube ta ba.

"In ubanki ya tambaye ki fa?"

"Sai in ce zubka ce ta tsufa, an sake wata. Ƙarya na yi?"

"Zai ce a kawo tsohuwar ya gani. Na san halinsa, ni na haife shi."

"Sai ya zo shagona ya tashe ni daga kanta. Kujerar kekena ta daɗe tana cin min baya. Shekara nawa da aurenmu, ko tsinke ba ka taɓa ba ni ba."

Tsoho ya dube ta. Dariya ta ƙwace masa, har sai da ya dafa kafaɗarta don gwiwar ba ta ɗaukar dariya da tsayuwa a lokaci ɗaya. Ya naɗe tsohuwar zubkar, gefen da ya lallatse a ciki, ya danƙa mata a hannu.

"Ungo sadakinki. Ki zauna a kai da kyau, kada ki tashi ko an yi sallama."