Zoben Auren Kofur Bulus

Ba zan taɓa mantawa ba da bikin Rifkatu, ko da na so, domin mutanen Kafanchan ba za su bar ni ba.

Zamanin soja na ƙarshe ne, lokacin da kwamfuta ta fara shigowa garinmu. Na dawo daga Kaduna da satifiket ɗin kwas na kwamfuta (kwas ɗin da yawancinsa ba wuta, a allo malam ya zana mana maus), wani shagon buga takardu kusa da tashar jirgin ƙasa ya ɗauke ni aiki. Nakan ɗaura taye cikin zafin nan, in hana mutane shiga da takalmi wai kada na'urar ta kamu da cuta. Injiniya ake kirana, ni kuwa ina amsawa.

Rifkatu 'yar maƙwabtanmu ce, tare muka taso, za ta auri wani ɗan sanda, Kofur Bulus. Ta zo ta ce, "Yaya, zobe biyu nake so a katin gayyatar bikina, masu shiga cikin juna, irin na katin Legas." Na ce mata wannan ai aikin yara ne.

Na buɗe furogiram ɗin zane, na ja da'ira, na huda tsakiyarta, na kwafi ta biyu. Har nan lafiya lau. Amma da na haɗa su, sai ɗaya ya hau kan ɗaya ya kwanta kamar faifai a kan ƙwarya. Ashe sai an yanke ɗan gurbin da suka haɗu, wannan ya bi ta sama, can kuma ya bi ta ƙasa. Ni kuwa duk sanda na yanka, sai zobe guda ya ɓace ɗungurungum. Na yi ta fama har taye ya jiƙe. Akwai littafin furogiram ɗin a kan tebur, amma ina Injiniya ina duba littafi a gaban kwastoma?

Sai dabara ta faɗo mini. Na raba zobban, na zana 'yar sarƙa a tsakaninsu. Firintarmu baƙar tawada kawai gare ta, don haka suka fito launin ƙarfe. Rifkatu ta daɗe tana kallo, na ce mata sabon yayi ne, alamar ƙaunar da ba ta tsinkewa. Ta yarda, baiwar Allah. Mai zanen allo kuma ya kwafe shi ƙato a jikin ƙyallen da za a rataya a bayan amarya da ango.

Ranar biki a Fadan Kagoma, bayan an fito daga sujada, aka zaunar da ni kusa da babban tebur. Matan zumunta na coci suna waƙa, ni ina ta leƙen ƙyallen ina jiran yabo. Na lura abokan aikin ango suna nuna shi suna sunkuyar da kai, na ɗauka sha'awa ce.

Sai emsi, mai gabatar da biki, ya karɓi makirfo, ya juya ya dubi ƙyallen, ya ce, "Jama'a, mun saba ganin ɗan sanda ya kama mutum, amma yau ne aka buga kati aka gayyace mu kallo. Amarya, wane laifi kika yi aka kawo miki ankwa?"

Wurin ya kece da dariya, har fasto ya cire tabarau yana share ido. A lokacin ne ni ma na gani. Ankwa ce sak, mabuɗi kawai ya rage. Idon Rifkatu ya cika da ƙwalla. Emsi bai ƙyale ni ba, ya ce injiniyan da ya yi aikin ya miƙe a tafa masa. Na miƙe (har yau ban san dalili ba, har hannu na ɗaga).

Kofur Bulus ne ya cece ni. Ya tashi, ya haɗa hannayensa biyu ya miƙa wa amarya, ya ce shi aka kama, kuma ba ya neman beli. Rifkatu ta yi dariya da hawayenta. Mamanta dai ba ta huce ba, ta tare ni wajen abinci ta ce, "Ɗana, an ce ka yi zobe, ka tafi ka yi na fursuna. Allah ya gafarta maka."

Washegari na buɗe littafin nan, cikin ɗan lokaci na iya. Abin da na koya shi ne, "ban iya ba" kunyarta a gaban mutum ɗaya take ƙarewa. Wadda ka ɓoye kuwa, da makirfo za a sanar da ita.