Tausar da Na Yi wa Karen Baba Yakubu

Ba zan taɓa mantawa da ƙarfe huɗu da minti ashirin na yammacin wata Talata ba. Na san lokacin daidai ne saboda na duba agogo na rubuta shi a littafina, kamar yadda nake rubuta komai. Da a ce kyan rubutu yana warkar da ciwo, da har yau karen Baba Yakubu yana da ƙafa huɗu.

A lokacin ina aji uku, ina karatun kiwon lafiyar dabbobi, muna hayar ɗaki ɗaya ni da ƙawata Ladi a unguwar Gangaren Tudu. Ni irin ɗalibar nan ce da za a yi zangon karatu guda ba a ji muryarta a aji ba, amma jarrabawa na matsowa kowa sai ya zo aron littafinta. Idan malami ya yi tambaya, ko na san amsar, sai in sunkuyar da kai ina addu'ar kada idonsa ya faɗo kaina. A gidanmu an koya mana cewa ba a tsare babba da tambaya, gaishe shi ake yi a wuce. Ni kuwa na ɗauki wannan tarbiyya na ƙara mata gishiri.

Baba Yakubu maƙwabcinmu ne, tsohon manomi Bagwandare. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna Abuja, idanunsa kuma sun yi yana har ba ya gane mutum sai ya yi magana. Yana da wani jan kare tsoho mai suna Kyalesu. Kullum da sassafe za ka gan su sun nufi gonarsa ta doya da ke bayan gari ta hanyar Nasarawa, karen a gaba, igiya a hannun Baba. Kyalesu ya san kowane rami da kowace kwata a hanyar. In babu shi, babu zuwa gona. Duk unguwa an san haka, ni ma na sani.

To, malamarmu Dakta Halima ta ba mu aiki: kowa ya nemi dabba marar lafiya a unguwarsu, ya kula da ita, ya rubuta abin da ya gani, sannan ya kawo ta gaban aji. 'Yan ajinmu suka bazama neman awaki masu zawo da kaji masu mura. Ni kuwa na shige ɗakin karatu na tono wani littafi a kan tausar karnuka, yadda ake murza tsoka a sassauta ta idan ta riƙe, musamman ga karen da ya tsufa. Akwai hotunan karnuka kwance a kan tawul, sun lumshe ido kamar masu gida. Na kwafe babi guda da hannuna. (Ban faɗa wa kowa ba, amma a raina na riga na ga Dakta tana ɗaga littafina tana cewa kowa ya yi koyi da ni.)

Ranar Talatar ina dawowa daga makaranta na tarar da Baba zaune a benci a ƙofar gidansa, Kyalesu yana jan ƙafarsa ta baya ta hagu. Na durƙusa na gaishe shi. Shekara biyu abin da ke haɗa mu ke nan. Amma ranar sai na ji bakina ya buɗe da kansa.

"Baba, ina ganin tsokar cinyarsa ce ta riƙe. Zan iya yi masa tausa."

Ya juyo da fuskarsa inda muryata take, ya yi murmushi. "Ashe likita muke da ita a unguwa ba mu sani ba? To Allah ya yi albarka, Likita."

Sunan ya yi mini daɗi fiye da yadda zan iya faɗa. Na buɗe littafi na rubuta lokaci. Layin farko na takardar da Dakta ta raba mana yana cewa: "Me ya sami dabbar? Tambayi mai ita." Na dubi tsohon, na dubi furfurarsa. Sai na ji kamar in na tambaye shi na zama ɗan sanda, kamar ina zargin bai kula da karensa ba ne. Na haɗiye tambayar. A gaban layin na rubuta kalma ɗaya da kyakkyawan rubutu: tsufa.

Sai matsala ta biyu. Tun da aka haife ni ban taɓa taɓa kare ba. Da na gaya wa Innarmu a waya sai ta ce, "Duk dabbobin Allah ba ki ga na zaɓa ba sai kare? To ki tabbata bai taɓa miki fata ba." Na je kasuwa na sayo safar hannu ta roba mai kauri, ruwan ɗorawa, irin ta masu wanke banɗaki. Don in ƙara samun natsuwa na sa wata siririya a ciki.

Ladi ta kalle ni daga sama har ƙasa ta ce, "Ke, tausa za ki je yi ko yashe kwata?"

Na ɗauki littafina na fita.

Yanzu ga inda nake so mai karatu ya lura, domin nan ne wautata ta cika ta batse. Littafin da na kwafa ya yi gargaɗi ƙarara: kada a yi tausa a wurin da ya ɗau zafi ko ya kumbura. Na karanta, na ja layi biyu da jan biro a ƙarƙashinsa. Saboda haka kullum kafin in fara, sai in ɗora tafin hannuna a cinyar Kyalesu, in ƙirga har goma, in rubuta "babu zafi". Da safar nan biyu a hannuna. Ko garwashi na dafa, "babu zafi" zan rubuta.

Daga nan sai aiki. In shafa cinyar daga sama zuwa ƙasa, in murza da babban yatsa, sannan in kama ƙafar in lanƙwasa in miƙe sau goma, safe da yamma. Karen yana wani irin kuka ƙasa-ƙasa wanda har yau ban manta da shi ba. Bai taɓa yunƙurin cizona ba. Duk da haka Baba ya yago tsumma ya ɗaure masa baki, ya rungume kansa a cinyarsa yana yi masa magana da yarensu.

A rana ta uku Baba ya ce, a hankali kamar mai neman gafara, "Likita, kamar yana jin ciwo sosai."

"Haka yake yi, Baba. Tsokar ce take saki."

"To," in ji shi. "Ku kuka sani."

A rana ta shida ina cikin miƙe ƙafar na ji wani abu ya goce a ƙarƙashin yatsana. Kyalesu ya sandare, ya saki fitsari. Na rubuta: "Ƙullin tsoka ya warware." Ina kuma auna kaurin cinyar da tef ɗin ɗinkin Ladi. Kullum tana ƙaruwa, ni kuma kullum ina rubuta "tsoka na ginuwa", har da zana jadawali da rula. (Wannan jadawalin yana nan a akwatina. Na kasa yaga shi, na kuma kasa kallonsa.)

Ladi ce ta fara cewa wani abu. "Kin lura karen nan ya daina cin abinci? Kuma da ya ji ƙarar safarki yake jan ciki ya shige bayan duro. Ni dai ban yi karatunku ba, amma mai samun sauƙi ba ya gudun magani haka."

Na ce mata littafin ya yi bayanin wannan. Bai yi ba.

Ranar kai dabbobi aji, Baba ya sa kayansa na zuwa coci, har da hula. Muka ɗauko Kyalesu a cikin tsohon bargo muka shiga keke. A hanya yana ta gaya wa mai keken cewa 'yar unguwarsu ce take yi wa karensa aikin asibiti. Aka taru a rumfar gonar makaranta, awaki na kuka, kaji a kwando. Da aka kira ni na sa safata, na buɗe littafi na fara karantawa. Muryata na rawa da farko, amma da na kai kan jadawalin sai na ji ta daidaita. Karon farko ke nan da na yi magana mai tsawo a gaban aji.

Ban lura Dakta Halima ba ni take kallo ba. Karen take kallo.

"Dakata," ta ce.

Ta tsuguna, ta ɗora bayan hannunta a cinyar, hannu tsirara, ta janye nan take. Ta ɗago kai.

"Zo nan. Cire wannan abin."

Na cire ta waje.

"Har da ta ciki?" Ta dube ni. "Biyu kika sa?"

Wani ya fara dariya a baya, ya haɗiye ta. Na cire ta biyun. Ta kama wuyan hannuna ta ɗora shi a jikin karen. Zafin ya ratsa ni kamar na dafa murfin tukunya a kan wuta. Ta buɗa gashin ta cikin cinyar, sai ga wani ƙaramin rauni yana fitar da ruwa, wari ya taso. Ta ɗan motsa ƙafar kaɗan, na ji ƙashi yana gogar ƙashi a ƙarƙashin tafina.

Sai ta juya wurin tsohon, ta rage murya. "Baba, sannu da zuwa. Me ya sami karen nan?"

"Ɗan acaba ne ya buge shi, Hajiya. Muna tsallaka titi, ranar Litinin waccan."

Shi ke nan. Tambaya ɗaya, numfashi ɗaya, kuma sama ba ta faɗo ba.

Rumfar ta yi tsit. Da sun yi dariya da ya fi mini sauƙi. Dakta ta karɓi littafina tana juya shafuka.

"Kwana nawa kina lanƙwasa ta?"

"Goma."

"Sau nawa a rana?"

"Goma da safe, goma da yamma."

Ta rufe littafin. "Ina jin tsagewar ƙashi ce kawai da farko. Da an ɗaure ta an bar shi ya huta, da ta haɗe. Yanzu ƙashin ya rabu, raunin ya ruɓe." Ta miƙo mini littafin. "Rubutunki yana da kyau."

Baba yana tsaye riƙe da igiyar da babu kowa a ƙarshenta. Bai gane duk abin da aka faɗa ba. Ya tambaya ko yau za a ba su magani su tafi, domin ciyawa ta fara cin doya.

Bayan kwana biyu aka yanke ƙafar. Na roƙi Dakta ta bar ni in tsaya a wurin, ta bar ni. Ni na riƙe kan Kyalesu kafin allurar ta kama shi, da hannuna, ba safa. Da aka gama na je famfo na wanke hannun da ruwa da sabulu. Ina wankewa ina tunanin cewa ruwan nan da sabulun nan suna nan tun ranar farko.

Karen ya rayu. Yana tsalle da ƙafa uku daga ƙofar gida zuwa gindin mangwaro, iyakarsa ke nan. Gona ta yi masa nisa. Doyar shekarar wani ɗan'uwan Baba ne ya haƙe abin da ciyawa ta rage, shekarar da ta biyo baya kuma aka ba wani gonar ya noma. Baba ya koma zaman benci tun safe har yamma.

Mako uku ina zagayawa ta unguwar Yara idan zan je makaranta, don kada in bi ta ƙofar gidansa. Ladi ta ce in na ci gaba a haka sai na ƙarar da takalmana kafin in ƙarar da kunyata. A wannan zagayen ne na gane abin da na koya, kuma ba a littafi yake ba. Ina ta yabon kaina a kan kunya, ina ganin ladabi ne. Ashe akwai kunyar da mai ita ba ya asarar komai, wani ne yake ɗaukar nauyinta. Tawa kare ne ya ɗauka, da tsoho mai yana a ido. Yanzu in aka kawo mini dabba, ko sarkin gari ne mai ita, sai na tambaye shi har abin da ta ci jiya, kuma sai na taɓa ta da fatar hannuna kafin in taɓa biro.

Ranar da na yi ƙarfin hali na je, yana zaune a bencin. Na durƙusa na gaishe shi. Kyalesu ya taso da tsallensa ya shinshini hannuna yana kaɗa wutsiya. Wannan ya fi maganar Dakta ciwo.

"Likita ce?" in ji Baba. "Kwana biyu."

"Baba, don Allah ka daina kirana haka."

Na ba shi haƙuri, na sake ba shi, yana ta cewa ya wuce, haka Allah ya tsara. Sai na yi abin da ya kamata in yi da ƙarfe huɗu da minti ashirin na waccan Talatar. Na yi masa tambaya.

"Baba, me ya sa ba ka gaya mini mashin ne ya buge shi ba?"

Ya daɗe yana shafa kan karen kafin ya amsa.

"'Yata, sau biyu na buɗe baki zan faɗa. Sai in ji bironki yana tafiya a kan takarda, ba ya ko tsayawa. Na ce mai rubutu haka, ai abin yana cikin littafinsa. Ni wane ne da zan koya wa mai littafi?"