Kwalin Ashanar Baba Modu

Ko na so in manta da wannan hantsin Asabar ba zan taɓa iyawa ba, duk da na sha gwadawa. Lokacin kuɗin mai ya fara ambaliya, gwamnati na ta fasa tituna ko'ina a Kano, ni kuma na fito daga jami'a da ɗumina, na samu aiki a wani ofishin tsara gari. Wandona mai faɗin ƙafa yana sharar ƙasa, gashina tim, ina jin kaina kamar ni na kafa garin.

Matsalar da aka damƙa mini ita ce cunkoson manyan motoci tsakanin Fagge, Singa da Sabon Gari. Sai na ce ni ba zan yi irin aikin tsofaffin ofis ba, na zana layi a taswira kawai. Na zauna bakin kasuwa ina ƙirga motoci har rana ta gasa ni. Na bi lungu-lungu da tef ina awo. Na shiga zauruka na yi hira da masu gidaje, da direbobi, da 'yan kasuwa. Daga nan na haɗa duka na ƙirƙiro wasa: faffaɗan katako shi ne unguwa, kwalayen ashana su ne gidaje, jan zare shi ne sabon titi. Mutanen da abin ya shafa za su zauna su yi ta gwada inda zaren zai bi, su ga abin da kowace hanya za ta haifar, ni kuma ina gefe ina koyo. (Kowane kwali na ajiye shi daidai inda gidan yake a zahiri, har da bishiyar ƙofar gida. Da wannan na fi alfahari, kun ji wauta.)

Na tara su a wani ajin firamare, ogana na zaune a baya yana kallo. Cikinsu akwai Baba Modu, wani dattijo Babarbare da ya daɗe a Fagge yana saukar da fatake a gidansa, da Mista Okeke mai sayar da kayan gyaran mota a Sabon Gari. Na yi bayani har da gyaran murya, na ce su ja zaren, duk kwalin da ya tare hanya su ɗauke shi.

Ba wanda ya taɓa zaren. Kowa ya sunkuya yana laluben gidansa a kan katakon, kuma kowa ya gano nasa. Na miƙa wa Mista Okeke zaren, ya mai da hannunsa baya.

"Malam, ni na taɓa barin gida lokacin rikici da kayan jikina kawai," in ji shi. "Ba zan ɗauke na kowa ba, ko na ashana ne."

Mai hankali da nan zai tsaya. Ni kuwa idon oga nake ji a ƙeyata. Na yi wata 'yar dariyar yaƙe na ce, "Haba jama'a, wasa ne fa. Misali, a ce titin ya biyo ta nan." Na kai hannu na ciro kwali ɗaya ba tare da na duba ba, na jefa a aljihun riga.

Sai salati ƙasa-ƙasa ya tashi a ajin. Ashe kwalin gidan Baba Modu ne. Ya miƙe a hankali, ya zagayo tebur. Wallahi na ɗauka fita zai yi. Sai kawai mutumin nan, wanda ya girme wa mahaifina, ya cire takalmi ya durƙusa a gabana.

"Ranka ya daɗe, a bar mu mu wuce damina. Akwai ƙananan yara."

Na rasa inda zan sa kaina. Na durƙusa ni ma, ina "Baba don Allah tashi, wasa ne, wallahi wasa ne," ina lalubar aljihu. Kwalin ya fito a murƙushe. Na mai da shi wurinsa ya faɗi, na sake tsayar da shi ya sake faɗi, jama'a na kallo. Wani direba ya ce, "Bar shi Malam, an riga an rushe." Ko mutum ɗaya bai yi dariya ba, da ma sun yi, da na ji sauƙi. Da na waiga, oga ya sulale.

Na je gidan Baba Modu ya fi a ƙirga ina rantsuwa cewa babu wata magana a ƙasa. Kullum ya karɓe ni da fara'a, ya sa a kawo mini ruwa, ya ce, "Na gane, ɗana, ai ba za ka iya faɗa ba." Labari kuwa ya riga ya zaga Fagge. Fataken da ke sauka wurinsa suka koma wasu gidajen, don ba mai son ajiye kaya inda katafila za ta shigo. Kafin shekara ta zagayo ya sayar da gidan a wulaƙance, ya kwashe iyalinsa zuwa Rijiyar Lemo, lokacin nan kusan daji ne. Titin da nake magana a kai ba a taɓa yin sa ba, rahotona ma ban jin an buɗe shi. Gidan yana nan tsaye, wanda ya saya ya ɗora masa bene.

Na ci gaba da shirya irin waɗannan wasanni har na yi ritaya, sai dai unguwannin ƙarya nake zanawa, masu gidajen da ba na kowa ba. Kuma na koyi cewa muddin albashin gwamnati kake ci, ka guji kalmar "misali" a gaban mai gida ɗaya tak. Kai ne za ka ce wasa kake, shi kuwa ya tafi neman amalanke.