Yadda Za Ka Kare Barcin Rana da Shaidar Ƙuda

Idan maigidanka ya rantse cewa ranar da ya sake kama ka kana gyangyaɗi a rumfa sai ka naɗe tabarmarka, kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, tabbas za a yarda da hujjarka. Khamisu, ɗan ci-rani mai tsaron mangwaron Alhaji Boubacar a kasuwar Mile 12 can kudu, ya jarraba su a bana, don ba abin da yake tsoro kamar komawa ƙauye hannu rabbana.

1. Samo ilimi
Ba sai ka shiga aji ba. Khamisu a rediyon mai shayi ya ji cewa ƙananan ƙudajen nan masu bin kayan marmari suna da agogo a jiki, kuma gadonsa suke yi iyaye da kakanni. Shi ke sa su zirga-zirga safe da yamma, rana na yin tsaka ya kwantar da su. Da ka ji wannan, tashi. Sauran bayanin bai shafe ka ba.

2. Nemo asali
Tuno wani kakanka mai barci. Kowa yana da shi.

3. Tara shaidu
Alhazan kasuwa sai sun gani da ido. Su kuwa ƙudajen ba sa zuwa wurin lafiyayyen kaya. Khamisu ya tura kwando biyu bayan rumfa, ya rabu da su kwana biyar. Shaidu suka zo har da iyalansu.

4. Gabatar da hujja
Bari a kama ka bayan azahar. Kada ka zabura, mai gaskiya a hankali yake tashi. Khamisu ya ja Alhaji bayan rumfa ya ce, "Oga, duba da kyau. Akwai mai motsi? Ba lalaci ba ne, halitta ce. Yanzu ma mulkin farar hula ake, kowa da 'yancinsa."

Alhaji ya daɗe a sunkuye yana kallo.

"Na yarda, Khamisu, barci suke. To wannan mangwaron da suke kwance a kai, na wane ne?"

5. Ba da amsa
Masana ba su kai nan ba tukuna.

Tsame hannu: mun ce za a yarda, an kuwa yarda. Abin da ya biyo baya tsakaninka da maigidanka ne. Masu cigiyar Khamisu su yi haƙuri, an gan shi a tashar Ojota a bayan tirelar da ta fuskanci arewa. Direban ya ce ko Ibadan ba su kai ba ya yi barci.