Ranar da na ba matan Kazage satar amsa

Ko haƙorana za su zube duka, ba zan taɓa mantawa da ranar da na kusa kayar da 'yar mutane a jami'a ba, ni da takardar yaƙi da jahilci kawai nake da ita.

Wata ɗaliba ce, Malama Bilkisu, ta zo garinmu Kazage bayan girbi. Ta ce bincike take yi a kan yadda imani ke riƙe zuciyar mutum, musamman mu da muka sha zaman ɗar-ɗar a bakin daji. Tana son ta yi wa mata ashirin tambayoyi. Da ta nemi wadda ta iya karatu ta tara mata su, aka nuno ni. (Na yi kamar ban ji daɗi ba. Na ji.)

Ta ba ni takarda ɗaya in duba kafin gobe. Ina buɗewa na ga lambobi, ɗaya zuwa biyar, da layin rubuta amsa. Jarrabawa! Na san zafinta, don na taɓa faɗuwa jarrabawar farko a ajinmu na yaƙi da jahilci, na dawo gida na ce hayaƙin murhu ne ya sa idona ja. Na ce a raina, wallahi ba za a koma birni a ce matan Kazage ba su san Allah ba.

Na zauna na warware tambayoyin tsaf. "Kina jin tsoron mutuwa?" Mai imani? A'a. "Kin taɓa jin kamar rayuwarki ba ta da amfani?" Subhanallahi, a'a. "Me ke ba ki ƙarfin tashi da safe?" Haƙuri da tawakkali. "Yaushe kike jin kin fi kusa da Allah?" Lokacin sallar asuba. Bayan la'asar na bi gida-gida ina biya musu, suna maimaitawa. Gwaggo Asabe, tsohuwar unguwarmu, sai da muka yi sau shida.

Washegari muka hallara a gindin mangwaron makarantar firamare. Malama Bilkisu ta ajiye wayarta tana ɗaukar murya, tana kiran mu ɗaya bayan ɗaya. Ta farko ta ce haƙuri da tawakkali. Ta biyu ma. Ta bakwai ma. Ni kuwa ina gefe ina gyaɗa kai kamar hedimasta. Na ga Malama tana ɗan tsuke fuska, na ɗauka mamakin iliminmu take yi.

Sai aka zo kan Saratu, maƙwabciyata, wadda ke ba da waƙa a zumuntar mata ta cocinsu. Shekara ashirin muna aron turmi a tsakaninmu.

"Mama, yaushe kike jin kin fi kusa da Allah?"

Saratu ta gyara zama, ta ce da ƙarfi, "Lokacin sallar asuba."

Malama ta ajiye biro. "Mama, ba yanzu kika ce mini ke Kirista ce ba?"

"Ƙwarai kuwa."

"To sallar asuba fa?"

"Ai haka aka ce mu faɗa, 'yata, kar mu faɗi." Ta juyo ta nuna ni da baki. "Ko na yi kuskure ne, maƙwabciya? Asuba ce ko azahar?"

Jama'a, da ƙasa tana buɗewa da na shige har da takalmina. Mata suka kwashe da dariya, wata har da faɗowa daga benci. Gwaggo Asabe ta ce, "Ni dama tawakkalin nan ya ƙi zama a kaina!"

Malama Bilkisu ta yi dariya har da hawaye, amma da ta share ido sai na ga damuwa. Ta kama hannuna ta ce, "Mama, ba ku ake jarrabawa ba, ni ake jarrabawa. In na kai amsa iri ɗaya sak guda ashirin, malamina zai ce a ɗaki na zauna na ƙirƙira. Aikin shekara biyu zai tafi. Kuma mota ɗaya ce za ta koma birni yau."

Da ƙyar na ce, "To mece ce amsar daidai?"

"Wadda ke cikin ranki."

Na ce a sake, kuma a fara da ni, tunda ni na ɓata. Ta ja ni can nesa da sauran, ta sake tambaya ko ina tsoron mutuwa. Na ce ina tsoro, musamman in na ji ƙarar babura da yawa daga wajen daji, kuma ina addu'a ne da tsoron a cikina. Ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ba ta ce na faɗi jarrabawa ba, rubutawa kawai ta yi, ni kuma na ji kamar an sauke mini dami daga ka.

Sauran ma suka buɗe baki. Saratu ta gaya mini daga baya cewa ita a tsakiyar waƙa take jin kusancin, lokacin da muryoyi suka haɗu. Gwaggo Asabe kuwa kowa ya ji tata, don ba ta iya magana a hankali ba: "Akuyata ke tashe ni! In ban tashi ba wa zai ba ta dusa?" Malama ta ce wannan amsar ma ilimi ce. Ta samu motar da ƙyar, tana ɗaga mana hannu ta taga, jakarta cike da amsoshi ashirin da ba wadda ta yi kama da wata.

Daga ranar na koyi cewa akwai tambayar da ba a leƙa takardar wani a kanta. In kuma ya zama dole sai ka ba da satar amsa, don Allah ka fara tambayar mutum inda yake ibada.